Wa zai biya kuɗin fansa?

Fansa ita ce dukiyar da ake bayarwa don a kuɓutar da wanda aka kama. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, fansar fursuna ta kai dirhami 4,000. Wanda ba shi da kuɗi amma ya iya rubutu, sai ya koyar da yara goma.

Malaman Malikiyya sun jera masu biyan fansar Musulmin da aka kama: baitulmali da farko, sai dukiyar jama'a, sannan ta kamammen. Abin takaici, yau dangi ake bari su sayar da gona.

Rigima kan taso bayan an dawo gida. Wanda ya biya ba da niyyar sadaka ba yana iya neman kuɗinsa a wurin wanda ya fansa, don haka ya kafa shaidu tun kafin ya miƙa.