Mapul a tukunya: abin da muke dubawa kafin mu kira bishiya da suna

Sana'armu renon itatuwan ado ce a wajen Samaru, kuma yanzu ana samun masu son ƙananan bishiyoyin nan da ake tsarewa a tukunya marar zurfi, waɗanda Japanawa ke kira bonsai. Yawancinsu da hoto a waya suke zuwa, hoton kuma kusan kullum na mapul ne, wata bishiyar ƙasashen waje, mai jan ganye kamar garwashi. Tambaya biyu suke yi: wane iri ne wannan, kuma in an sayi ƙwayarsa ta intanet za ta fito haka?

Kafin a kai ga iri, sai a tabbatar mapul ɗin ne. Kada siffar ganye ta ruɗi mutum, don ganye mai yatsu ya cika gonakinmu: rogo, rama, zurma, bini da zugu. Akwai ma wata 'yar'uwar yakuwa mai jan ganye, Hibiscus acetosella, wadda ake yawan sayarwa da sunan mapul. Abin dubawa shi ne yadda ganyen ke zaune a reshe. Na mapul biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya, rassansa ma haka. Waɗancan duka ɗaya nan, ɗaya can suke hawa. Shaida ta biyu 'ya'ya: ƙwaya biyu a manne, kowace da fiffikenta, in sun faɗo sai su sauko suna juyawa.

Mapul ɗin da ake nema shi ne Acer palmatum, ɗan Japan da Koriya, ganyensa na da yatsu 5, 7 ko 9 masu haƙora a gefe. Na biyu a wajen masu bonsai shi ne Acer buergerianum na ƙasar Sin, mai yatsu 3 kawai, wanda ya fi jure zafi kuma gindinsa ya fi saurin kauri.

A cikin palmatum akwai zaɓaɓɓun iri sama da 1,000, don haka duk wanda ya kalli hoton ganye ɗaya ya ce wane ne, kintace yake yi. Muna haɗa abu huɗu: zurfin tsagar ganye, launinsa a farkon toho da kuma bayan ya ƙosa, ɓawon reshe, da tsayuwar bishiyar. Bloodgood jan ganyensa mai duhu ne kuma yana riƙe shi tsawon lokaci, ganyen dai ya yi girma ga ƙaramar tukunya. Deshojo yana toho ja wur, bayan makonni ya koma kore-kore, shi ya sa mai saye ke zaton an cuce shi alhali halinsa ke nan. Sango-kaku a reshe ake gane shi, sababbin rassansa ja ne kamar murjani, ganyen kuma kore mai haske. Arakawa ɓawonsa ke yin kaushi yana tsagewa, amma sai ya yi 'yan shekaru, ƙarami ba ya nuna komai. Shishigashira ganyensa a murɗe suke, a cunkushe. Kiyohime gajere ne mai bazuwa gefe, kansa ba shi da ƙarfi, in aka yi masa aski mai yawa a sama sai saman ya mutu. Masu ganye siriri kamar leshi, waɗanda ake kira dissectum, rassansu zubowa suke yi ƙasa.

Amsar tambaya ta biyu kuwa duk mai lambun mangwaro ya san ta. Ka shuka ƙwallon mangwaro ɗan aure, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. Haka mapul. Kowane suna a cikin waɗancan bishiya ɗaya ce da aka zaɓa tun asali, ake yankar reshenta ana aurawa a kan gindin da aka tayar daga ƙwaya. Ƙwayar Bloodgood za ta iya ba da jan tsiro, ta ba da kore, ta ba da tsaka-tsaki, amma ko wanda ya fito ja bai cancanci sunan ba. Mu a kan irin wannan "palmatum daga ƙwaya" muke rubutawa, mu tsaya nan. Fakitin da aka ce na mapul shuɗi ne kuwa, hoton fenti aka yi masa, babu wannan bishiyar.

Gane ɗan aure ba wuya. A duba gindi daga ƙasa zuwa kamar santimita 15, za a ga kumburi ko tabo inda launin ɓawo ya canza. A dissectum tabon kan kasance can sama. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon na gindi ne, a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na sama. Ga bonsai wannan tabo aibi ne, don ido a gindi yake fara sauka. Shi ya sa ɗan ƙwaya, duk da ba shi da suna, ya fi daraja a wannan aikin: gindinsa sumul, saiwarsa tasa ce, kuma ya fi ƙarfi.

Mai son gwada ƙwaya sai ya jiƙa ta awa 24 a ruwa mai ɗumi, ya cakuɗa da yashi mai ɗan danshi a leda, ya sa a firji, sanyin digiri 1 zuwa 5, kwana 90 zuwa 120. Ba a sa ta a wurin ƙanƙara. A nan aikin ke lalacewa: in wuta ta ɗauke kwana biyu ledar ta yi gumi, sai fumfuna ta cinye. Ƙwayar da ta daɗe a bushe ma ba ta tsira da yawa. A fara a watan Fabrairu don shuka ta zo daidai da saukar damina.

Sai dai gaskiyar da muke faɗa wa kowa kafin ya ciro kuɗi ita ce, mapul bishiyar ƙasar sanyi ce. Tana buƙatar makonni na sanyi ƙasa da digiri 7 ta zubar da ganye ta huta. Sanyin hunturun Zariya, duk da yadda muke ƙudundunewa, bai kai nan ba. Iskar hunturu kuma tana ƙona bakin ganye, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa. Ko da ragar inuwa da ban-ruwa safe da yamma, tana raguwa shekara bayan shekara. Mai niyyar shigo da tsiro daga waje kuma ya sani sai da izinin NAQS, hukumar da ke kula da shigo da tsirrai da dabbobi Najeriya.

Saboda haka yawancin tukwanenmu na gida ne. Tsamiya ganyenta ƙanana tun asali, ɓawonta na tsagewa da kyau. Marke da bagaruwa ma haka. Kuka tana ba da ƙaton gindi cikin 'yan shekaru. Cediya da durumi ta reshe muke tayar da su, ba ta ƙwaya ba.

Ƙwallon tsamiya a ɗan kankare gefensa, a jiƙa kwana ɗaya, a binne zurfin santimita 1 zuwa 2, cikin mako biyu ya fito. Na kuka ya fi tauri, sai an goge shi da fayil ko a dutse har farin da ke cikinsa ya leƙo. Idan tsiro ya yi wata biyu zuwa uku, a tone shi a datse doguwar saiwar tsakiya, a bar wurin da ƙananan saiwoyi suke, a ajiye a inuwa mako biyu. Wanda ya tsallake wannan zai samu karas guda a ƙasa da ba zai taɓa shiga tukunya marar zurfi ba. Daga nan a dasa a ƙasa ko babban baho, a sa tayil a ƙarƙashinsa don saiwa ta bazu gefe, a bar shi shekara 2 zuwa 3 ya yi kauri kafin a sare. Ƙaramar tukunya ba ta kaurara gindi.

Ƙasar tukunya: kashi 2 marmara ko jan bulo da aka farfasa, kashi 1 yashin rafi mai tsakuwa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki da gutsuren gawayi. A tankaɗe, a zubar da garin, a riƙe mai girman milimita 2 zuwa 6. Garin ne ke toshe ramin tukunya, ruwan Agusta ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Tukwane a kan benci suke zama saboda gara.

Wayar lanƙwasa reshe ta alminiyam ce, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, a naɗa a karkace. Da damina a riƙa dubawa duk mako, don tsamiya da cediya suna kumbura da sauri, in wayar ta nutse tabonta na daɗewa. Kuka kuwa da ta zubar da ganye a hunturu sai a janye mata ruwa kusan gaba ɗaya, har sai an ga sabon toho.