Ranar da na sheganta kakan maƙwabciyata

Har yau idan na wuce ƙofar gidan Mama sai kunya ta kama ni, duk da cewa ita ta daɗe da mayar da abin raha. Baturiya ce tsohuwa, ta haura tamanin, gidanta na jikin nawa a Peterborough. Danginta 'yan Thorney ne, wani ƙauye gabas da birnin, a cikin fadamar da Turawan Ingila ke kira Fen. Idanunta sun yi rauni, ni kuma ta ga ina da haƙurin zama gaban kwamfuta, sai ta roƙe ni in taya ta bin salsalar mahaifinta a rajistar coci. Na amsa da saurina, har da ɗan alfahari.

Aikin bai ba ni wuya ba da farko. Daga 1837 zuwa yau akwai rajistar gwamnati, wannan shan ruwa ne. Daga 1754 kuwa doka ta tilasta a yi sanarwar aure a coci ko a karɓi lasisi, ango da amarya su sa hannu, shaidu biyu su sa nasu, wanda bai iya rubutu ba ya zana alamar X. Na ga irin wannan alama da yawa a dangin Mama. Da na koma shekarun kafin 1754 ne labari ya sha bamban: layi ɗaya tak, wane ya auri wance, ran kaza, shi ke nan. Babu sunan uba, babu shaida.

A nan na yi ɓarnar. Maimakon in duba hoton littafin kansa, sai na dogara da wani jerin sunaye da aka kwafa aka zuba a intanet. Jerin ya nuna min auren wasu kakanninta a watan Afrilu 1739. Ya kuma nuna baftismar ɗansu na fari a watan Fabrairu 1739. Na ƙirga da yatsu, Fabrairu kafin Afrilu take, wato an haifi yaro kafin a ɗaura aure. Ban ko kwana da maganar ba. Na je na zauna a falonta, na yi ta kwana-kwana, na ce, "Mama, ki yi haƙuri, akwai abin da na gani." Ta saurara, ta yi shiru, ta ce to, ai ba kanta farau ba. Amma ta buga wa ƙanwarta waya, ƙanwar ta faɗa wa 'ya'yanta, kafin wata biyu magana ta zagaye dangi har wani ya rubuta ta a jadawalin zuri'a ya raba wa kowa. Kuma duk da sunana ake yawo, wai maƙwabcin nan mai bincike ne ya gano.

Ashe kafin 1752 shekara a Ingila ba 1 ga Janairu take farawa ba, 25 ga Maris take farawa. Saboda haka Fabrairun da limamin coci ya rubuta 1739 tana zuwa ne bayan Afrilun 1739, a ƙarshen shekararsu. Da lissafinmu na yau Fabrairu 1740 ce. Wata goma cif tsakanin aure da baftisma. Yaro ɗan halak ne, ni na ɗora masa sharri bayan shekara kusan ɗari uku yana kwance a kabari. Wani dattijo mai aikin sa kai a ɗakin adana takardu ne ya nuna min, ya buɗe hoton shafin ya sa yatsa: watanni na bin juna, Disamba, Janairu, Fabrairu, duk a ƙarƙashin shekara ɗaya, sai a Maris lamba ta canza. Da na kalli shafin tun farko da minti ɗaya ya ishe ni. Abin da ya fi ci min rai, ni da na tashi da kalanda biyu a bango, na san shekara na iya juyawa a Muharram, amma ban taɓa kawowa a raina cewa Bature ma ya taɓa samun tasa ranar daban ba.

Bayan haka na daina yarda da kwafi, kuma na je na ga wurin da idona. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙa ƙirin, magudanan ruwa miƙe sambal, ba tudu ko ɗaya sai ɗan tsaunin da ƙauyen ke kai. Thorney tsibiri ne a da, a tsakiyar ruwa da ciyayi, da babban gidan ibadar sufayen Kirista wanda aka rushe a 1539, zamanin Sarki Henry na Takwas. Ragowarsa ce cocin garin yanzu. A 1630 ne mai sarautar Bedford ya ɗauki nauyin janye ruwan fadamar, injiniya ɗan Holan Cornelius Vermuyden ya zama jigon aikin haƙa magudanan. Masunta da maharban tsuntsaye ba su so ba, har fasa madatsun suke yi. Zazzaɓin cizon sauro ma ya addabe su, abin da ya ba ni mamaki a ƙasar sanyi. Da ruwa ya janye sai ƙasar ta riƙa bushewa tana nutsewa. A Holme, wani wuri a cikin fadamar, akwai wani ginshiƙin ƙarfe da aka kafa wajen 1851 kansa daidai da doron ƙasa, yau ya fito sama kusan mita 4. Na tsaya a gindinsa ina ɗaga kai.

Akwai wani tarkon a Thorney wanda saura ƙiris ya kama ni. Kiristoci 'yan Furotesta masu jin Faransanci sun zo sun zauna can don aikin fadama da noma, suna da rajistar baftismarsu daban, da Faransanci, daga 1654 zuwa 1727. Sunayensu sun riƙa lanƙwashewa a bakin limaman Ingila, suna ɗaya sai ka gan shi da rubutu iri uku. Wannan karon na kama bakina sai da na ga shafi.

Zuwa ba da haƙuri shi ne mai wuyar. Na buga hoton shafin da manyan baƙaƙe na kai mata, na rubuta ranar yadda masana ke yi, 1739/40. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta tuntsire da dariya, ta ce ƙanwarta za ta ji haushi, don ta fi son labarin farko. Jadawalin nan da aka raba kuwa har yanzu ban gama bin gidaje ina gyara shi ba, akwai kwafi ɗaya da ya tafi Ostireliya.