Inna da hanyar Mubi

A ƙarshen Oktoban 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, muka fito ta Sahuda, ni da yara biyu da Inna, kan keken ɗinkina a ƙulle cikin zani. Muka sauka Garwa, a Kamaru, wajen ƙanin mahaifina da niyyar wata guda. Har yau muna nan.

Fulatancin da na taso da shi a Mubi ya rufa min asiri a kasuwa. Faransanci ne ya sha ni, musamman wajen takardar zama da makarantar yara. Zafin watan Afrilu kuwa, ko ka kwana a bakin Binuwai ba ka tsira ba.

Sanda muka fara sabawa da gari, sai Inna ta fara ɓace mana tana zaune a tsakar gida. Ta miƙa wa mai ƙosai tsohuwar naira hamsin, ta tsaya jiran canji. Da la'asar sakaliya ta yafa mayafi, wai Baba zai dawo daga kasuwa bai tarar da tuwo ba, alhali ya rasu tun muna can. Ran nan wani ɗan acaba ne ya maido ta daga wajen gada. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Rubutu kam ta sha, hayaƙi har zannuwanta suka yi wari. Ni ma sai da na ce gigin tsufa ne, na riƙa yi mata tsawa. Abin da ya fi ci min rai ke nan yanzu.

Ɗiyata ce ta shigo da wata takarda daga ɗan ɗakin karatun da take zuwa yin aikin gida. Masu ɗakin sun samu tallafin kuɗi daga waje, suka haɗa kai da wata nas, duk Asabar ana zama da masu kula da tsofaffi. Na je ne don kar a ce na ƙi.

Mu tara ne a kan benci, fanka ba ta juyawa. Nas ɗin ta yi magana da Fulatanci, ta ce irin wannan mantuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Ta ce bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma nau'in da ake kira Alzheimer shi ya fi yawa. Magani mai warkarwa babu tukuna. Da na ba da labarin Baba sai ta ce, "Hajiya, kullum kika ce mata ya mutu, sabon makoki kika ɗora mata. Ki ce ta ba ki labarinsa."

Mai kula da ɗakin ya ce a Ingila tun 2015 ɗakunan karatu na gwamnati ke ware littattafan wannan cuta don iyalai. Namu 'yan takardu ne, da Faransanci, ba ko ɗaya da Hausa. Ɗiyata ke karantawa da dare, ina rubutawa a littafin awon kaya, tsakanin faɗin kafaɗa da tsawon hannu.

Wata shida kuɗin suka ƙare, nas ta daina zuwa, ban kuma ga laifinta ba, kuɗin acaba ma kuɗi ne. Mu huɗu muka ci gaba da haɗuwa a shagona.

Na ɗinka wa Inna lambar wayata a bakin kowane mayafi. Da yamma, kafin ta fara neman takalmi, nake ajiye mata tire da wake ta tsince. Jiya tana tsinta ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Baiwar Allah, motar Mubi ta cika kuwa?" Na ce saura mutum biyu, Inna, ƙarasa waken tukuna.