Nas a ɗakin masu tarin fuka: a auna haɗarin kafin a yanka masa kuɗi

Duk sanda aka zauna kan haƙƙin ma'aikatan jinya masu kula da masu tarin fuka, maganar kan tsaya a alawus ɗin haɗari: nawa ne, yaushe za a biya. A ganina an kama maganar ta wutsiya. Sai an san inda haɗarin yake da wanda ya fi shaƙarsa, sannan lissafin kuɗi zai yi adalci.

Ƙwayar cutar iska take bi. Mai tarin fuka na huhu in ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma, yana fitar da ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, su yi ta shawagi na sa'o'i a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Likita ya yi zagaye ya fita. Nas kuwa tana nan awa 8 ko 12, ita ke ba da magani ta tsaya sai an haɗiye, ita ke karɓar kaki, ita ke tallafar wanda ya galabaita. To alawus ɗin da aka ɗaura wa matakin albashi kaɗai yakan ba na ofis kaso mafi tsoka, ƙaramar nas da mai shara su tashi da ɗan abin da ya rage. Awoyin da mutum ke yi cikin ɗakin ya kamata a lissafa, da irin majinyatan da ke hannunsa. Haɗari ya fi yawa kafin a gano cutar, da makonni biyun farko na shan magani, da kuma wurin masu nau'in da ya bijire wa rifampicin da isoniazid, manyan magungunan cutar guda biyu.

Iskar ɗaki ita ce kariyar farko. Ma'aunin da aka saba bi a ɗakin keɓe irin waɗannan majinyata shi ne iska ta sabunta aƙalla sau 12 a awa. Tagogi masu fuskantar juna, a buɗe dare da rana, suna yin aiki mai yawa. Inda ake samun matsala shi ne da dare: sanyi ko sauro ya sa a rufe tagogi, mai aikin dare ta kwana cikin iskar da ta tsaya cak. Maganinsa bargo da raga ne, kuma aikin hukumar asibiti ne ta tanade su. Na'urar sanyaya ɗaki wadda ke juya iska ɗaya ba ta fitar da komai. Teburin nas ya kasance ta inda iska ke shigowa, gadaje ta inda take fita. Siririyar takarda a bakin taga ta isa ta nuna inda iskar ta nufa. Kakin gwaji kuma a waje ake bayarwa, inda iska ke kaɗawa, ba a banɗaki ko lungu ba.

Sai takunkumi. Na tiyata na majinyaci ne, don ya tare abin da ke fita daga bakinsa. Nas N95 take buƙata, wato takunkumi mai tace iskar da ake shaƙa, shi ma sai ya zauna daram a fuska, domin in iska tana kurɗawa ta gefen hanci aikin banza ne. Fuskoki sun bambanta, don haka a gwada wa kowa girman da ya dace da shi. Gemu yana hana shi mannewa. In ya jiƙe, ya yage, ko robar ta saki, an gama da shi. Idan ƙaranci ya tilasta maimaitawa, a ajiye a jakar takarda, don leda tana riƙe danshi. Kuma bai kamata ma'aikaciya ta saya da albashinta ba.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Ma'aikaci mai ɗauke da HIV, ko wanda wata lalura ta raunana garkuwar jikinsa, ya kamata a sauya masa sashe cikin sirri. Amma in sauyin na nufin rasa alawus, mutum zai ɓoye halinsa ya ci gaba da shiga ɗakin. Haka nas ɗin da ta fara tari, da zufar dare, da rama, za ta yi shiru in ta san hutun jinya zai rage mata albashi. Kenan tsarin biyan kuɗin da kansa ke iya jinkirta gano cutar, alhali gwajin kaki a na'urar GeneXpert ba ya wuce kamar awa biyu.

Maganin tarin fuka na yau da kullum wata 6 ne: wata 2 ana shan magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu. Nau'in da ya bijire wa magani, tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata 6 ga mafi yawan masu shi, amma wasu har yanzu sai sun yi wata 9, ko 18 zuwa sama. Hutun rashin lafiya na gama-gari ba don irin wannan doguwar jinya aka tsara shi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa tarin fuka cikin jerin cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki a 2010, saboda haka ƙungiyar ma'aikata tana da madogara in ta nemi a rubuta cikakken albashi, magani kyauta da diyya a yarjejeniyar aiki.

Sai dai diyya hujja take so. A ɗauki hoton ƙirji a yi tambayoyin alamomi ranar da nas ta kama aiki a sashen, a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara, a ba ta kwafi ta adana tare da jadawalin dutinta. Waɗannan takardu ne za su nuna lafiya lau ta shigo ɗakin, ranar da wani ya ce a gida ta kwaso.