Ƙarfin eriya da kunnen mutanen gari

A kwas ɗin tafiyar da gidan rediyo da wurin aikinmu ya tura ni, malaminmu ya raba mana ƙasashe, ni kuma ya ɗora mini ƙananan tashoshin Amurka masu sa kiɗan kantiri, kiɗan nan na jita da goge da manoma da makiyayan ƙasar suka fi so. Tashoshin da ke bin wannan salo sun haura 2,000, kuma da yawansu a ƙananan garuruwa suke. Tambayar da aka ce in amsa ita ce: in kowa waƙa iri ɗaya yake sawa, a kan me ake takara?

Da farko a kan nisa ne, kuma nan ba a raba gadon daidai ba. A matsakaicin zango, wato AM, murya tana yin nisa sosai da dare, domin wani ɓangare na sararin sama yana maido ta ƙasa can nesa. Duk wanda ya taso yana kama Rediyon Kaduna bayan isha'i a ƙauye mai nisa ya san haka. Tashar WSM ta birnin Nashbil, wadda aka buɗe a 1925, tana da ƙarfin wat 50,000, kuma da dare ana jin ta a jihohi masu yawa. Don kada a shiga wa irin waɗannan manya hanci, hukumar sadarwa ta FCC ta wajabta wa ƙananan tashoshi da dama su rage ƙarfi ko su rufe da faɗuwar rana. Lokacin sanyi rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar, daidai sa'ar da ma'aikata ke cikin mota za su koma gida, sai mai tasha ya yi sallama. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

A FM kuwa tsawon turken eriya da ƙarfin na'ura ke magana. Ƙaramin lasisi bai wuce wat 6,000 ba, nisan da ake jin sa da kyau bai kai kilomita 30 ba. Babba yana kai wat 100,000, ya ci kusan kilomita 90. Daga 2009 aka yarje wa masu AM su riƙa maimaita shirye-shiryensu a 'yar na'urar FM da ba ta wuce wat 250, sai rububi ya tashi a kan guraben.

Abin da ya fi ba ni darasi shi ne yadda masu tashoshin suka rabu biyu. Wasu sun nemi izini sun matsar da turkensu kusa da babban birni don su ci kasuwar tallarsa. Lasisi na ɗauke da sunan ƙaramin gari, amma ba a ambatonsa sai a sanarwar sunan tasha. A birni sun tarar da manya masu sa sababbin waƙoƙi da murya tangaram, su kuma tasu tana shiga da ƙyar, tana shashsheƙa a gefen gari. Wasu kuma sun zauna inda suke, sun ɗinka shirye-shiryensu daidai da inda muryarsu ke kaiwa: tsofaffin waƙoƙin da manyan suka yar, farashin masara da shanu da safe, sanarwar rasuwa, cigiyar karen da ya ɓata, filin da mai saurare zai bugo waya ya ce yana sayar da tsohuwar tarakta, da sharhin ƙwallon 'yan sakandare ranar Juma'a da dare. Mai sayar da taki da dillalin motocin garin su ke biyan talla, kuma ba su tambayar ko ana jin tashar a wata jiha. Abin da ya dame su shi ne ko abokin cinikinsu ya ji.

Dokar 1996 da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar ta jarraba wannan. Kamfanin Clear Channel kaɗai ya tara sama da 1,200, aka koma naɗar muryar mai gabatarwa ɗaya a wani birni ana rarraba wa garuruwa. Kuɗin da ake kashewa sun ragu, amma mutumin da bai taɓa taka garinku ba sai ya karya sunan unguwarku, kuma masu saurare suna ganewa nan take.

Na dawo aiki na tarar ana muhawara a kan sayen babbar na'ura don mu kamo jihar maƙwabta, inda tashoshi sun riga sun cika maƙil. Na tambayi sashen talla su kawo sunayen masu biyanmu kuɗi. Kusan dukansu 'yan kasuwar garinmu ne da masu sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Na kuma nemi injiniyanmu ya lissafa man dizal da babbar na'urar za ta sha a wata. Shawarar da na bayar ita ce a fara gyara eriyar da muke da ita, domin akwai ƙauyuka bayan dutse a cikin ƙaramar hukumarmu da ba sa jin mu, a kuma sa wakili a kowace kasuwar mako. Shugabanmu bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya amince da wakilan kasuwa tukuna.