Abin da ake yi wa wayoyin injin mota kafin a naɗe su

Sana'ata wayarin ɗin mota, ina da ƙaramin gareji a Kano inda nake aiki tare da yara masu koyo. Cikin ayyukan da ake kawo mana babu wanda masu mota suka raina kamar tattara wayoyin ƙarƙashin bonet a naɗe su, domin a ganinsu aikin ado ne da kowane yaro zai iya da baƙin tef na naira kaɗan. Ni kuwa a wurina naɗin shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi, wahalar tana cikin abin da ake yi kafin tef ya taɓa waya, saboda duk ɓarnar da aka rufe ba a gyara ba tana nan tana ci gaba, sai dai ido ya daina ganinta.

Yawancin motocin da ke shigowa garejinmu 'yan Beljiyam ne ko 'yan Kwatano, waɗanda sun riga sun yi shekaru a kan titin Turai ko Amurka kafin su iso hannun mai su na yanzu. Injin da ke aiki daidai ruwansa yana kaiwa wajen digiri 90, gefen manifol ɗin salansa kuwa, wato bututun da hayaƙi ke fitowa ta cikinsa daga injin, ya ninka haka sau da dama, sannan ga zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano tun ba a tayar da mota ba. A irin wannan yanayi robar waya tana bushewa ta yi tauri, mannin tef ya narke ya saki, maƙalan roba su kakkarye. Sai kuma hannun mutane ya ƙara nasa: wannan ya sa hon mai ƙara, wancan ya ƙara fitilu, wani ya haɗa fankar lagireto kai tsaye, wani ya dasa na'urar bibiyar mota, kowa ya fere wayar da ta fi kusa da shi ya murɗa tasa a kai ya tafi. Idan aka haɗa da ɓeran da ke kwana a ɗumin injin yana gaigayar roba, da ruwan matsi da masu wanki ke fesawa cikin soket, ba abin mamaki ba ne mota ta riƙa mutuwa a tsakiyar titi ba tare da an ga dalili ba.

Abu na farko da nake koya wa yaro shi ne cire kan batir na nagetif kafin komai, domin idan ya fara da na fozitif kuma sifanarsa ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannunsa. Daga nan sai mu ɗauki hoton gidan injin ta kowace kusurwa, mu sa wa kowane soket alama kafin a zare shi, saboda wasu sokets ɗin kamanninsu ɗaya kuma musanya su yana iya jawo asarar sensa. Sai a warware tsohon tef gaba ɗaya, a goge maiƙo da ƙura, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne na fi daɗewa. Waya mai lafiya tana lanƙwasa a hannu ba gardama, wadda zafi ya cinye kuwa da ka lanƙwasa ta za ka ji ƙas, robar ta tsage, jan ƙarfen ya bayyana. Inda aka taɓa yin haɗin murɗe, idan ka buɗe za ka tarar silin ya yi kore ya zama gari, har wani lokaci sili biyu ko uku kaɗai suka rage suna ɗaukar wutar da aka tsara wa dukan wayar. Irin wannan wuri yana ɗumi idan wuta na bi, ɗumin yana ƙara cin robar, har ranar da za ta haɗu da maƙwabciyarta. Ba na yarda a sake murɗa shi a rufe. Muna yanke ɓangaren da ya lalace har sai mun kai inda jan ƙarfen ke sheƙi, mu sa sabuwa mai kauri daidai da ta asali, mu haɗa da dalma ko da matsi na ƙarfe, sannan mu zura robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Idan haɗin ya fi ɗaya a dami guda, ba ma jera su wuri ɗaya, sai mu sassaɓa su, don kada damin ya kumbura kuma kada su goga da juna.

Ita kanta sabuwar wayar sai an yi hattara wajen sayenta. A Ƙofar Ruwa za ka sami mai kyau, za ka kuma sami wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ina kankare silin da wuƙa, idan fari ya fito daga ciki na ajiye ta, domin ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske kuma tana saurin karyewa inda ake jijjiga.

Launin waya yana da ma'ana, kuma wanda bai san shi ba bai kamata ya riƙe almakashi a gidan injin ba. A motocin Toyota, fara mai baƙin layi ita ce ta as, wato wadda ke komawa jikin mota, a motocin Jamus irin su Golf kuwa ruwan ƙasa ce. Jamusawa suna kuma amfani da lambobi da za ka gani a ƙasan wasu rile, wato 'yan akwatunan da ke kunna wuta da kashe ta: 30 wutar batir kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 kuma as. Soket mai launin rawaya na jakar iska ne, kuma na hana yarana kai masa fitilar gwaji ko da wasa. Akwai kuma wayoyi biyu da za ka gani a murɗe da juna kamar igiya a motocin zamani, waɗanda kwamfutocin motar ke aika wa juna saƙo ta cikinsu. Murɗin nan shi ke kare saƙon daga hayaniyar wutar koyil da caja, don haka mai son tsafta da ya miƙar da su ya jawo wa mai mota fitilun gargaɗi da ba za a gane kansu ba. Idan na gyara su, nakan auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin gwaji, inda ake jona kwamfutar duba mota, da batir a cire, in ga mita ta nuna kusan om 60, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta.

Kafin naɗi sai an mayar da batir an tayar da mota, an ga caja na ba da wajen bolt 14, an girgiza damin da hannu injin na aiki ko zai canza murya. Sai komai ya tsaya daidai muke ɗauko tef. Baƙin tef na roba da ake sayarwa a kowane shago an yi shi ne don wayar gida, a kusa da injin ba ya daɗewa yake zama danƙo ya warware. Muna amfani da tef na yadi da aka yi don zafin injin, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, sannan a inda damin zai goga da ƙarfe mu sa shi cikin gorar roba mai tsaga, mu juya tsagar ƙasa don ruwa ya sami hanyar fita. Inda ya zama dole ya wuce kusa da manifol, sai an ƙara masa rigar da ke kare zafi.

Hanyar da damin zai bi ta fi kyawun naɗin muhimmanci. Injin yana motsi a kan kujerunsa duk lokacin da aka taka totur, saboda haka wayar da ta taso daga jikin mota zuwa injin dole a bar mata ɗan sako-sako, in ba haka ba za ta tsinke daga ciki robarta na nan lafiya lau. Ana nisanta ta da fanbel da fanka, ba a ɗaure ta a jikin bututun mai, kuma ramin da take ratsawa zuwa cikin mota sai an mayar masa da zoben robarsa, domin bakin ƙarfen yana yanka a hankali. A ƙarshe muna buɗe akwatin fis mu cire duk silin waya da aka cusa a madadin fis, mu mayar da na ƙa'ida, kowane launi da ƙarfin wutar da yake ɗauka: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Aikin nan yakan ci yini guda, wani lokaci ya kwana, kuma a kan kuɗinsa ne muka fi samun saɓani da masu mota. Wani zai ce, "Malam, naɗewa kawai nake so, sauri nake yi." Nakan kira shi in nuna masa haɗin da ya yi kore in ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan idan na rufe shi haka, iyalinka ne za su shiga motar." Mafi yawa suna amincewa idan sun gani da idonsu. Wanda ya dage sai an rufe a haka, ina ba shi haƙuri in mayar masa da makullinsa ba tare da na karɓi ko kwabo ba.