Yadda muka rubuta ƙa'idar mallakar bincike a jami'ar da aka gina kan waƙafi

Jami'ar da nake koyarwa a cikinta wata ƙungiyar addinin Musulunci ce ta kafa ta da dukiyar waƙafi, kuma ta daɗe tana aiki ba tare da rubutacciyar ƙa'ida kan wanda ya mallaki sakamakon binciken da ake yi a ɗakunan gwaje-gwajenta ba. Kowa yana ganin aikin Allah ake yi, don haka maganar rabon haƙƙi ta zama abin jin nauyi. Lamarin ya sauya ne lokacin da wata malama a sashen kimiyyar sinadarai da ɗalibinta na digiri na biyu suka gano hanya mai sauƙin kuɗi ta tace ruwan sha, wani kamfani ya nuna sha'awa, lauyansa kuma ya tambayi wanda ke da ikon sa hannu a yarjejeniya. Malamar tana ganin aikinta ne, amintattun jami'a suna ganin da kayan waƙafi aka yi shi, gidauniyar da ta ba da tallafi tana da nata sharuɗɗan, shi kuwa ɗalibin ba wanda ya ambace shi. A kan haka aka naɗa kwamiti, aka ɗora mini aikin sakatare.

Na shiga aikin ina tsammanin gardama za ta tsaya kan kason kuɗi, amma tambayar farko da ta tsayar da mu ita ce ko ya halatta a mallaki ilimi tun asali. Wani dattijon malami daga tsangayar Shari'a ya kawo hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a ɗaura masa linzami na wuta ranar alƙiyama, sannan ya ce bai ga yadda makarantar da aka gina don Allah za ta hana talaka amfani da hanyar tace ruwa sai ya biya ba. Maganarsa ta yi nauyi a zukatanmu, kuma har yau ina ganin ita ce tambayar da ta fi cancanta a fara da ita.

Abin da ya warware mana ƙullin shi ne duba yadda rajistar ƙirƙira take aiki a zahiri. Mai neman takardar mallakar ƙirƙira dole ne ya bayyana hanyarsa dalla-dalla, yadda duk masanin fannin zai iya maimaita ta, kuma a yawancin ƙasashe ana wallafa bayanin bayan wata 18 da shigar da buƙata. Kariyar tana ƙarewa bayan shekara 20, daga nan abin ya zama na kowa. Wanda ya ƙi rajista ya riƙe hanyarsa a matsayin sirrin kasuwanci shi ne ya fi kusa da ɓoye ilimi. Muka kuma kawo masa hukuncin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988, inda ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Dattijon ya yarda da halaccin, amma ya ce halacci daban, abin da ya dace da mu daban. Na amsa masa da cewa, "Allah ya gafarta Malam, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba; idan ba mu riƙe haƙƙin ba, ba mu da bakin cewa a sauƙaƙa wa talaka." Na ba shi misalin maganin insulin na ciwon sukari, wanda masu binciken da suka samar da shi, Banting da Best da Collip, suka miƙa haƙƙinsa ga Jami'ar Toronto a 1923 kan dala ɗaya kowannensu, domin kada wani ya yi babakere a kansa. Na ƙara da abin da ya faru a 2001, lokacin da ɗalibai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka matsa wa Jami'ar Yale, mai haƙƙin maganin stavudine na cutar ƙanjamau, har kamfanin da ke riƙe da lasisinsa ya karya farashinsa a Afirka. Matsin ya yi tasiri ne saboda jami'ar ce ke da haƙƙin a hannunta.

Daga nan muka koma kan wane ne mai abu. Duniya ba ta haɗu a kan amsa ɗaya ba: a Amurka dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar riƙe ƙirƙirar da aka yi da kuɗin gwamnatin tarayya, Jamus ta soke tsarin barin ƙirƙira a hannun malami a 2002, Suwidin kuwa ta ci gaba da barin ta a hannunsa. Mu mun raba abin gida biyu. Littafi da maƙala da darasin da malami ya rubuta nasa ne, jami'a tana da izinin koyarwa da su kawai. Ƙirƙirar da aka yi da ɗakin gwaji ko kuɗin jami'a kuma ta jami'a ce, bayan an cire kuɗin rajista a raba abin da ya shigo kashi uku tsakanin masu ƙirƙira da sashensu da asusun bincike.

Lauyanmu ya nace kan lafazin miƙa haƙƙi, har wasu suka ga kamar yana zargin malamai da rashin amana. Ya nuna mana shari'ar Jami'ar Stanford da kamfanin Roche, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2011. Wani mai bincike ya sa hannu ga jami'ar cewa ya yarda zai miƙa haƙƙinsa nan gaba, daga baya ya sa hannu ga wani kamfani cewa ya miƙa yanzu, kuma jami'ar ce ta sha kaye. Jami'o'in addini ma ba su tsira daga irin wannan ba, domin Jami'ar Brigham Young ta shafe shekaru a kotu da kamfanin Pfizer kan binciken da ke da alaƙa da maganin Celebrex, kafin a sasanta a 2012 kan dala miliyan 450. Waɗanda ke jin nauyin rubutu tsakanin 'yan'uwa sun sauko ne da aka tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne maganar ɗalibin. Na nemi ganin littafin da suke rubuta gwaje-gwaje a ciki, malamar ta kawo shi ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Shafukan farko duk tsarinta ne, kuma gwajin yana ta faɗuwa. Can tsakiya, da rubutun hannun ɗalibin da kwanan wata a gefe, akwai layin da ya soke matakin dumama sinadarin, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa a bar shi ya bushe a hankali, kuma daga wannan shafin ne sakamakon ya fara kyau. A dokar ƙirƙira, mai ƙirƙira shi ne wanda tunanin ya fito daga kansa, ba wanda ya duba aikin ko ya samo kuɗi ba, kuma barin sunan mai ƙirƙira na gaskiya yana iya jawo ƙalubale ga takardar gaba ɗaya. Da na kira ɗalibin na yi masa bayani, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai duk abin da na sani ita ta koya mini, ban isa in haɗa sunana da nata ba." Ladabi ne mai kyau, kuma makarantarmu ce ta tarbiyyantar da shi a kansa, amma na fahimci cewa a inda biyayya ga malami ta yi ƙarfi haka, ɗalibi ba zai taɓa buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba. Saboda haka muka rubuta cewa ofishin bincike ne zai tantance masu ƙirƙira daga littafin gwaji, ko an nema ko ba a nema ba, kuma ba za a karɓi yafewar ɗalibi ba sai bayan ya kammala karatunsa. Malamar ce ta fara goyon bayan wannan sharaɗi.

Da amintattu mun ɗan kai ruwa rana. Wasunsu sun so mallakar jami'a ta haɗa da ikon hana wallafa duk binciken da suke ganin ya saɓa wa aƙidarta. Na tsaya a kan cewa wannan ba hurumin ƙa'idar mallaka ba ne, domin idan aka haɗa su, malami zai riƙa ɓoye aikinsa daga ofishin da ya kamata ya taimake shi. Abin da muka amince da shi shi ne jinkirta wallafa na tsawon da bai wuce kwana 90 ba, don a samu shigar da buƙatar rajista, tunda a ƙasashen Turai bayyana ƙirƙira kafin rajista yana kashe ta, ko da yake Amurka tana ba da sararin shekara ɗaya. A ɗaya ɓangaren, mun ba amintattu gaskiya cewa jami'a tana da ikon ƙin ba da lasisi ga sana'o'in da addininta ya haramta, kamar giya da caca, da sharaɗin a rubuta su tun farko domin mai bincike da mai ba da tallafi su sani kafin su fara.

Hanyar tace ruwan an yi mata rajista da sunan malamar da ɗalibinta, kamfanin ya samu lasisin da bai hana a ba wasu ba, ƙungiyoyin agaji kuma suna amfani da ita kyauta. Abin da ba mu gama ba shi ne binciken da ke farawa daga sanin da al'umma ta gada kan tsirrai da magunguna. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izinin masu wannan sani da raba amfani da su, amma ƙa'idarmu ba ta fayyace wanda zai karɓa a madadin al'umma ba, ko yadda za a rubuta sunanta a yarjejeniya. Majalisar jami'a ta mayar mana da wannan sashe, kuma a kansa kwamitin yake aiki yanzu.